Itatuwan da Baba Ya Dasa da Hannunsa

Har yau idan mota ta bi da ni ta hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram, muka zo daidai kwanar garinmu, nakan juya fuskata ga ɗaya tagar. Jikokina sun ɗauka gyangyaɗi nake yi. Ba gyangyaɗi ba ne. Dogayen itatuwan turaren nan da suka rage a hannun dama ne ba na son gani, kuma ga shi na tsufa ban daina jin haushinsu ba. Direbobi kan yabe su, su ce wurin da ni'ima. Ni na san ruwan da suka sha, domin a kafaɗata ya je musu.

Wurin gonarmu ce, gonar bakin rafi. Samanta jigawa, muna shuka gero da dawa da wake, ƙasanta kuma akwai 'yar fadama inda muke yin rake da albasa. Baba ya gaje ta daga mahaifinsa. A lokacin da nake ba da labari na riga na yi aure har da 'ya'ya, amma muna gandu ɗaya da Baba da ƙanena, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Ran kasuwa in buɗe keken ɗinkina a bakin tasha, sauran kwanaki ina gona.

Sai an san Baba za a gane yadda aka yi muka rasa ta. Mutum ne mai tsayuwa a kan ƙa'ida har ya gundure ka. A garinmu, da ma duk ƙasar nan tamu, akwai abin da kowane manomi ya sani game da gonar aro. Idan ka ara wa mutum gona, ya noma ya ci, shekara nawa ma ba komai, amma ba ya dasa itace a cikinta. Itace na wanda ya dasa ne, kuma ƙasar da ke ƙarƙashinsa takan bi shi a hankali. Shi ya sa idan rigimar gona ta kai gaban dagaci, ba a daɗe ana surutu, sai a je gonar a nuna mangwaro ko lemo a tambaya wa ya dasa. Baba kuwa shi ake kira shaida a irin wannan zama, don yana riƙe da tarihin kowane kututture a garin. Ya taɓa ganin gida guda sun rasa gonar kakansu saboda sun yi shiru wani ya dasa gwaiba a ciki, kuma bai gaji da ba mu wannan labarin ba.

Bayan shekarun farin nan da suka karkashe shanu, sai kuɗin mai suka cika gwamnati har ta rasa inda za ta zuba su. Kullum rediyo tana cewa hamada tana tahowa, wai tana cin ƙasa daga arewa, kuma gwamnatin tarayya ta ware kuɗi don a tare ta. Mu a kudancin ƙasar Kano muke, ga duwatsu ga ɗorawa ga tsamiya, ba mu taɓa ganin hamadar nan ba. Amma hanyarmu mai kyau ce, mota tana iya zuwa ta koma a yini guda, ina jin wannan ne ya sa hamadar ta zaɓe mu.

Wata ranar Laraba Landiroba ta tsaya a ƙofar gidan dagaci, aka yi shela kowane magidanci ya zo. Babban baƙon daga Ikko yake, ba ya jin Hausa, yana ta share gumi da farin hankici. Tare da shi akwai malamin daji na Birnin Kudu, shi ne yake mayar mana da magana. Ya ce gwamnati tana so a dasa itatuwa a gonakin da ke bin rafi da bakin hanya. Ya ce ba ƙwace ba ne, kowa zai ci gaba da noma tsakanin layuka. Idan itatuwan suka girma za a kafa kamfani a nan kusa, a riƙa yin ashana da turakun lantarki, samarinmu su daina tafiya Kano ci-rani. Za kuma a ja mana famfo, a gina asibitin sha-ka-tafi. Ya yi ta shafa mana zuma a baki, dagaci yana gyaɗa kai kamar shi ya kawo shawarar.

Mutane suka yi ta tambayar nawa za a biya lebura. Baba ya bari suka gama, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, tambayata guda ce. Wa zai dasa?"

Malamin daji ya ce, "Leburorin gwamnati, Baba. Kai ba ruwanka da wahala."

"To ni a gonata ba lebura. Ku kawo dashen, ni zan dasa da hannuna, da ni da 'ya'yana. Kuma ba na son ko kwabo."

Da aka faɗa wa baƙon abin da Baba ya ce, sai ya miƙe ya kama hannunsa da hannu biyu yana girgizawa, ya sa aka ɗauke su hoto. Ya ce da ana samun irin wannan dattijo a kowane gari da ƙasa ta gyaru. Shi ya ɗauka kishin ƙasa ne. Duk wanda ke zaune a wurin ya san ba shi ba ne, Baba yana tsare gonarsa ce ta hanyar da ya sani. Ƙin karɓar lada ma yana cikin lissafin, domin hannun ɗan ƙodago hannun wanda ya biya shi ne, in ya dasa, ubangidansa ya dasa.

A gida na buɗe masa wuta, gwargwadon yadda ɗa zai iya buɗe wa ubansa wuta, wato ina durƙushe ina kallon ƙasa. Na ce, "Baba, mutanen nan ba dagaci ba ne, ba alƙali ba ne. Ba su san wannan ƙa'idar taku ba. Mu ce ba ma so kawai."

Ya ce, "In na ce ba na so, su dasa da ƙarfi, shi ke nan ta zama tasu. In na dasa, duk garin nan shaida ne. Ko a Ikko ai mutane ne, suna da kakanni, suna da gonaki."

Inna tana tankaɗe a gefe, ba ta ɗago ba ta ce da ni, "Ka bar shi. Ka taɓa ganin an juya shi?"

Gonar da ke maƙwabtaka da tamu ta Baffa ce, taubashin Baba. Mahaifin Baffa da mahaifiyar Baba wa da ƙanwa ne, don haka tun suna yara Baffa yake kiran Baba bawansa, kuma ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, ko a wurin jana'iza sai sun yi da ido. Baffa mutum ne mai son jikinsa da son dariya. Shi bai yi wa kowa tambaya ba. Ya sa 'ya'yansa duka a cikin leburori, suka karɓi kuɗi, suka dasa a gonarsa da ta kowa. Na ga dashen nasu da idona. Ƙananan itatuwan a cikin baƙar leda ake kawo su, wasu ko yage ledar ba a yi ba, a sara ƙasa sau ɗaya a cusa a taka da ƙafa a wuce. Da aka kawar da amfanin gona, Baffa ya saki awakinsa a ciki.

Ya leƙo ta kan iyaka yana kallonmu muna haƙa ramuka har gwiwa, ya ce, "Bawana, sannu da bautar gwamnati. Da ni kaɗai kake yi wa, yanzu ka ƙaro ubangida."

Baba ya ce, "Kai dai ci gaba da kiwon awaki da dukiyar hukuma. Ranar da za su zo su ce gonar tasu ce tunda su suka dasa, kada ka zo mini kuka."

"Su dasa mene? Je ka tambayi akuyata, ita ta san inda suke."

Da rani ya shigo muka san mun ɗauko wa kanmu aiki. An ce tankar ruwa za ta riƙa zagayawa. Ta zo a farkon lamarin, sabuwa fil, sannan ta ɓace. Daga baya na gan ta a Birnin Kudu tana kai ruwa wurin ginin gidan wani babba. Rafi ya ƙafe, sai mu tona yashi mu jira ruwa ya taru, mu cika garwa mu rataya a sanda mu hau tudu. Kowane dashe Baba ya kewaye shi da ƙayar magarya saboda dabbobi. Gara ta far musu, ya sa matan gida suna tara toka muna zubawa a gindinsu. In dashe ya mutu sai ya je Birnin Kudu a kan kekensa ya roƙo wani ya maye. A watan azumi ma ba mu huta ba, muna ba itace ruwa mu bakinmu a bushe. Na yi asarar ɗinkin sallah a shekarar, masu kawo mini yadi suka gaji da zuwa ba sa samuna suka koma wurin wani. Kafaɗata ta yi kanta, har yau in na shafa ina jin wurin. Ƙanena ya jure rani ɗaya, na biyu ya tsere Kano ya zama yaron mota, ban kuma ga laifinsa ba.

Ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da na tsani Baba a kan tudun nan. Ina tafe da garwa a bayansa ina kallon ƙeyarsa, ina cewa a raina wannan tsoho zai kashe mu a kan ƙa'idar da ba mai tambayarsa ita. Amma idan ya tsuguna yana gyara wa dashe ƙaya, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar jariri, sai haushin ya rasa inda zai sauka.

Bayan 'yan shekaru, duk tsawon rafin nan daga garinmu har wajen Basirka ba inda itace ya rayu sai a gonarmu. Sauran wuraren ko alama babu, masu gonaki suka ci gaba da nomansu kamar ba a taɓa yin komai ba. Namu kuwa suka miƙe suka wuce tsawon soro, layi-layi, ana hango su daga nesa. Baba ya riƙa zagaya su da hannu a baya, baki har kunne.

Daga nan baƙi suka fara zuwa. Ashe kafin a saki wasu kuɗin daga Ikko sai an turo masu dubawa su ga abin da aka yi da na farko, kuma a duk yankin ba abin nunawa sai gonar Baba. Motoci su jeru a bakin hanya, a fito da mutane masu takalma masu ƙyalli, a zaga da su, su taɓa ganye su sansana. Wata rana muka iske an kafe babban allo a bakin gonar, an rubuta da Turanci da Hausa cewa wannan aikin gwamnatin tarayya ne na kare ƙasa daga hamada. Allon ma ba sabo ba ne, daga wani wurin da dashen ya mutu aka tugo shi. Baba ya ce a bar su da allonsu, allo ba ya yin saiwa.

Sai waya mai ƙaya ta biyo baya. Leburori suka zo da turaku, cikinsu har da 'ya'yan Baffa suna sunkuyar da kai, suka kewaye gonar tun daga hanya har fadama. Aka shafa wa kowane itace jan fenti aka rubuta masa lamba. Aka gina 'yar bukkar kwano a ƙofa aka sa mai gadi. Malamin daji ya ce an mai da wurin gandun daji, daga yau ba noma, ba kiwo, ba sara. Gonakin da itatuwansu suka mutu ba wanda ya waiwaye su, don ba abin da za a kewaye. Gonar Baffa tana nan a buɗe, geronsa yana kaɗawa a jikin wayarmu.

Baba bai ɗaga hankalinsa ba da farko, don a ganinsa shari'ar a bayyane take. Ya je wurin dagaci, dagaci ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Ya je wurin hakimi, aka ce ya yi haƙuri. Ya sa babbar rigarsa na raka shi wurin alƙali, wanda ya sha kiran Baba shaida a gabansa. Baba ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ba dogon zance na zo da shi ba. A je gonar a tambaya wa ya dasa."

Alƙali ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, "Malam, ni na san wanda ya dasa, kowa ma ya sani. Amma wa zan aika wa sammaci? Gwamnatin tarayya ba ta zama a kan tabarmar nan. Kuma ai ka ji a rediyo, an yi doka, ƙasa duk ta koma hannun hukuma."

"Itacen fa?"

"Itacen yana kan ƙasar."

Baba ya ce, "A da ƙasa ce take bin itace."

Alƙali ya ce, "A da ke nan."

Daga can muka wuce ofishin daji. Malamin da ya yi mana alkawari an ƙara masa girma an mai da shi Kano, a kan aikin gonarmu kuwa aka ƙara masa. Wanda muka tarar yaro ne, ya tarbe mu da fara'a, ya ce ai ya san Baba. Ya nuna bango, sai ga hoton nan na ranar farko a cikin gilashi, Baba da baƙon Ikko suna riƙe da hannun juna. Ya ce, "Baba, har a Ikko an san da kai. Kai ne abin misalinmu." Baba ya ce gonarsa yake so. Yaron ya ce wannan sai Kano, Kano kuma sai ta ji daga Ikko. Ya ba mu lemon kwalba. Ni ban sha ba, kuma da ba don Baba yana wurin ba da na fasa gilashin nan.

Muka koma gari, muka sauka daga mota. Da muka zo daidai wayar sai Baba ya tsaya ya ce, "Itatuwana ne dai. Su ma sun sani."

Shekarar ba mu da inda za mu shuka abin kirki. Baffa ya zo gida da kansa, ya zauna a zaure, ya ce, "Bawana, ubangijin kirki ba ya barin bawansa da yunwa. Ka ɗauki rabin gonata ta tudu ka noma." Baba ya karɓa don ba yadda zai yi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ara wa mutane gona ya koma ɗan aro. Wata rana muna noma muka tarar da ɗan mangwaro ya tsiro a kunya, wataƙila yara ne suka yar da ƙwallon. Baba ya sunkuya ya tuge shi. Baffa ya ce, "Haba, ka bar shi mana, jikokinmu su sha." Baba ya ce, "Gonar aro ce," ya jefar da shi bayan iyaka. A ranar ne kaɗai na ga Baffa ya nemi abin tsokana ya rasa.

Kamfanin ashana kuwa an zo an aza harsashinsa a bayan gari, aka yi kiɗa aka yanka sa. Bulo ya kai gwiwa ya tsaya. Bututun famfo aka jibge su a ƙofar dagaci, yara suna wasan ɓuya a ciki har suka yi tsatsa. Asibiti ko harsashin bai samu ba. Da kuɗin mai suka ja baya, baƙi suka daina zuwa, allon ya kwanta a ƙasa ba wanda ya tayar. Fadamar da muke yin rake ta bushe ƙamas, don itacen turare shan ruwa gare shi kamar raƙumi, an hana hamada zuwa an shanye mana rafi. Abu biyu ne kawai ba su lalace ba, waya da dokar hana mu shiga.

Su kuwa masu shiga suna shiga. Lokaci-lokaci babbar mota takan zo da 'yan kwangila riƙe da takardar izini daga Kano, su sare miƙaƙƙun ciki su loda, wai sandunan gini. Baba ya tsufa a lokacin, ƙafa ta ƙi, amma in ya ji ƙarar gatari sai ya dogara sanda ya je ya tsaya a bakin waya yana kallo. Yakan gaya musu wanne ne ya sha wahalar gara, wanne ne aka sake dasawa. Su ɗauka taɓaɓɓe ne, su ce sannu Baba.

A wajen nan ne ya yi mini wasiyya. Muna tsaye mota tana fita da lodi, ya ce, "In na mutu, da waɗannan za ku rufe ni. Ba da yawa ba, abin da zai ishi kabari. Wannan dai ba wanda zai hana mutum."

Na ce, "Allah ya ja kwana, Baba."

Ya ce, "Ka ji dai abin da na ce."

Ya rasu wata safiya da damina, bayan ya sha kunu. Aka aika masu haƙa, aka sa jana'iza bayan azahar. Ga wanda bai taɓa tsayawa a kan kabari ba, a cikin babban ramin akwai ƙarami inda ake kwantar da mamaci, a kansa ake jera gungumen itace a gicciye, a toshe da ganye da taɓo, sannan a tura ƙasa. Masu haƙa suka aiko a kawo itace. Na ɗauki gatari na nufi gonar bakin rafi, mutane kaɗan suka biyo ni.

Mai gadin mutumin wajen Fagam ne, ya daɗe a garinmu, ya sha cin tuwon gidanmu, kuma an yi watanni ba a biya shi albashi ba. Yana ganina da gatari ya fito ya tsaya a ƙofa. Ya yi mini gaisuwa, idonsa ya kawo ruwa, sannan ya ce, "Malam, don Allah kada ka sa ni a uku. Kowanne da lambarsa. In suka zo suka ga kututture ba takarda, ni za a ɗaure."

Na ce, "Guda ɗaya zan sara. Ka san wanda ya dasa shi."

"Na sani. Ka je Birnin Kudu ka karɓo izini, ni da kaina zan sara maka."

"Birnin Kudu za su ce Kano. Gawar tana kwance a zaure. Sai ta jira Ikko?"

Bai matsa ba. Na ture shi gefe, ba da wasa ba, har ya dafa ƙasa. Na shiga, karo na farko tun da aka sa wayar. Na zaɓi wani a layin farko wanda na tuna ranar da muka dasa shi, na ɗaga gatari. Sai na ji muryar liman a bayana, ashe an ruga an kira shi. Ya ce, "Dakata. Ajiye tukuna."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, wasiyya ce."

Ya ce, "Na san wasiyya ce. Ni ma shaida ne shi ya dasa, kuma gobe a gaban Allah zan faɗa. Amma yau abin yana hannun hukuma, ga mutum a ƙasa ka ture, gobe a kama shi a kama ka. Mahaifinka bai taɓa ɗaukar tsinken da ake jayayya a kansa ba. Kada ka ɗora masa itacen rigima a kansa har tashin ƙiyama."

Na so in ce masa rigimar ba mu muka kawo ta ba. Na so in ce duk garin nan sun iya shaida a gaban Allah, a gaban mutum ne bakinsu ke mutuwa. Amma na san Baba, na san da zai iya magana da bayan liman zai bi, don ƙa'ida ce, shi kuwa bai taɓa tsallake ƙa'ida ba ko da ita ce ta cinye shi. Na sauke gatarin. Ban taɓa jin ƙiyayya irin ta wannan lokacin ba, kuma ban san wa zan ba ita ba, don wanda ya yi mana abin ba shi da fuska, ba shi da ƙofar gida.

Da na isa maƙabarta hannu wofi, sai na tarar da itace a jibge a bakin kabarin, ɗanye, sabon sara. Baffa yana zaune a kai yana haki, rigarsa duk ɓawo. Ashe tun da ya ji na ɗauki gatari ya san yadda za a ƙare, ya kira 'ya'yansa suka kayar da marken da ke tsakiyar gonarsa, wanda yake hutawa a inuwarsa tun yana saurayi.

Aka yi salla, aka kwantar da Baba. Baffa ya ce shi zai miƙa itacen, aka ce ya bari yara su yi, ya ƙi. Yana miƙawa ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kan na ƙarshe ya riƙe shi bai saki ba, ya leƙa ramin ya ce, "Bawana, wannan ba wanda ya dasa shi, da kansa ya fito, ba shi da lamba. Kuma ba aro ba ne, na ba ka."

Aka toshe da taɓo, muka tura ƙasa. Da muka juyo gida, ta bakin wayar hanya ta bi da mu, itatuwan Baba suna tsaye ban rage ko ɗaya ba, gatarina yana jingine a jikin na layin farko inda na bar shi. Ban koma na ɗauko shi ba.